Gudumar da Na Ba Lamboni

Ku 'yan zemijan, masu haya da babur, da kuke cinye mini inuwar mangwaro kullum, jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin layin dogo ai yawo ne kawai, mutum ya saɓa guduma ya yi ta tafiya ana biyansa. Ban tanka ba saboda akwai goro a bakina. Ban kuma ga laifinku sosai ba. A Sokode aka haife ku, garin da jirgin ƙasa bai taɓa takawa ba. Layin ya taso daga bakin teku ya zo Bilita ya tsaya, har yau ana cewa za a ƙaraso da shi. Ni Garba, a kan wannan layin na yi furfura, don haka ku kashe mashinan nan ku ji.

Ranar da aka ɗauke ni, an haɗa ni da wani dattijo, Kaporal Tanko, mutum marar dariya. Kayan aikinsa huɗu ne: guduma mai doguwar ƙota, babban kile, wato sifana, na ɗaure bulon, kusoshin nan masu noti, jar tuta, da alli a aljihu. Ya nuna mini taraves, ƙarafan da dogo ke kwance a kansu, ya nuna mini eklis, farantan ƙarfe biyu da ke riƙe dogo da dogo a mahaɗa. Sannan ya ɗora mini kile a kafaɗa ya ce in biyo shi. Wata huɗu ina bin bayansa bai bar ni na taɓa gudumar ba. Shi yake bugu, ni nake saurare. In ya buga sai ya juyo ya ce, "Me ya ce maka?" In na yi shiru ya ce kunnena na kwando ne.

Abin ba ɓoyayye ba ne, amma sai an daɗe. Kun ga yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa kafin su saya? To haka ne. Dogo mai lafiya in ka buge shi yana amsawa da tsawo, sautin ya gudu gaba da baya. Bulon da ya saki yana kakkaɓi. Dogon da ya tsage a ciki kuwa sautinsa gajere ne, yana mutuwa nan take a ƙarƙashin guduma, alhali in ka duba da ido ba ka ganin komai. Tanko yakan sa in juya baya, ya buga wurare biyar, ya ce in faɗi na nawa ne marar lafiya. Na sha ranƙwashi kafin in fara ci.

Masu amfana da aikinmu ba su san mu ba. Mata masu doya, masu gawayi, dillalan auduga, duk direba suke yi wa godiya in an sauka lafiya. Mu sai dai su jefo mana ɓawon ayaba ta taga. Wata damina kusa da Langabu ruwa ya kwashe tsakuwar da ke ƙarƙashin layi, dogo ya rage a rataye tsawon taku goma. Na yi gudu da jar tuta har takalmina ɗaya ya tsaya a laka, na tare jirgi. Da ya tsaya, wata mata ta leƙo ta zage ni tas, wai na sa tumatir ɗinta zai ruɓe. Na ce mata Allah ya ba da haƙuri, na koma neman takalmina.

Sai muguwar shekara ta zo. Jirgi ya fara zuwa sau ɗaya a mako, ya koma sau ɗaya a wata, rannan aka tara mu aka ce kowa ya mayar da kayan aiki. Kile da tuta na mayar. Guduma ta Tanko ce ta kansa, shi ya ba ni ita da zai bar aiki, don haka da ita na taho. Shugaban tasha ya ce in tafi da guntun dogon da muke bugawa lokacin tashi daga aiki, shi ne wannan da kuke ɗora ƙafa a kai. Na dawo Sokode na kama noman doya a wajen Auda. Ba a daɗe ba na fara jin labarin ana kwance bulon da eklis daga layin ana sayar wa maƙera. Na je na gani da idona. Mahaɗar da na shekara ashirin ina shafa wa mai, an bar ta baki buɗe. Na yi fushi ƙwarai, na kuma yi wa ɓarayin ƙarfe addu'ar da ba zan maimaita a gabanku ba.

Shekaru suka tura. 'Yata ta yi aure a Dapaong, na je ganin jika. Surukina, Malam Zakari, yana cikin mutanen masallacinsu da ke kai abinci gidan yari ran Juma'a, ya ce in raka shi. Ban so ba, amma baƙo ba ya musu. Muna tsakar gidan ana sauke tukwane sai na ji ƙwas, ƙwas. Wani siririn mutum ne, bai fi shekara arba'in ba, yana bin manyan tukwanen ƙarfe da bayan cokali. Ya zo kan ɗaya ya buga sau biyu, ya ja ta gefe.

"Wannan kar a ɗora shi a wuta," ya ce da mai dafa abinci. "Ya fashe a gindi."

Hausarsa irin ta ƙabilun arewacin ƙasar nan ce, tukunya ma "shi" ce a wurinsa. Mai dafuwa ya ɗaga tukunyar ya haska ta a rana ya ce lafiyarta ƙalau. Aka zuba ruwa. Can sai ga ɗigo yana tsattsafowa ta ƙasa. Na matsa na tambaye shi sunansa da sana'arsa. Ya ce Lamboni, maƙeri ne daga Gando.

"Me ya kawo ka nan?"

"Ƙarfe, Baba. Masu mota suka kawo mini bulon da faranti, na saya, na yi fartanya."

"Na layin dogo?"

"Na layin dogo."

"Ba ka san na sata ba ne?"

Na ɗauka zai ce bai sani ba, don kowa a wannan gidan bai sani ba. Ya dube ni ya ce, "Na sani. Ƙarfe mai kyau haka ba a tsinta shi a bola."

Na juya na bar shi tsaye, ko sallama ban yi ba. A hanya na faɗa wa Malam Zakari cewa shekara uku da aka ba shi ta yi kaɗan. Da muka kusa gida Malam Zakari ya ce saura wata biyu a saki Lamboni. An sayar da maƙerarsa, matarsa ta koma gidan iyayenta da yara biyu, kuma a Gando babu wanda zai sake kai masa ko ƙusa. Na ce shi ya jiyo. Amma har na hau motar Sokode ƙwas, ƙwas ɗin nan bai fita daga kaina ba. Shekara talatin na yi a layi, mutum uku kawai na sani masu irin wannan kunne, biyu sun rasu. Takaici ya kama ni, yadda Allah ya ajiye kunne irin wannan a kan wanda ya cinye mini eklis. Bayan sati biyu na buga wa Malam Zakari waya na ce in an saki Lamboni a sa shi a mota ya zo wurina.

Ya iso da leda ɗaya da takardar sallama. Matata Rabi ta dube shi ta dube ni, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, wannan ne wanda ka ce shekara uku ta yi masa kaɗan?" Na ce shi ne. Ta ce to Allah ya kyauta, ta je ta ɗauke turminta na ƙarfe ta kai ɗaki. Bayan kwana uku shi ya gyara mata murhu, turmin ya dawo tsakar gida.

Na nemo tsofaffin faranti biyu da bulon huɗu na ɗaura wa guntun dogon nan, muka fara. Matsalar farko hannunsa ce. Maƙeri yana bugun ƙarfe don ya lanƙwasa shi, shi ya sa Lamboni ke sauke guduma kamar yana da gaba da dogon. Na ce masa, "Ba faɗa kuke yi ba. Tambayarsa za ka yi. Saki ƙotar, bar kan gudumar ya faɗi da nauyinsa." Sati guda ya ɗauka kafin hannun ya yi laushi. Kunnen kuwa ban koya masa komai ba, suna kawai na sa wa abin da ya riga ya sani. Na koya masa sauran: a yi tafiya ana fuskantar inda jirgi zai fito, a bar ɗan tsakani a mahaɗa don dogo na miƙewa in rana ta yi zafi, kada a ɗaure bulon har wuya da sanyin safiya. Maƙwabta suka yi ta ƙorafin ƙara. Rabi ta ce ta auri ma'aikacin jirgi, ta tsufa da makaɗi.

Kullum ina maimaita masa maganar Tanko: guduma ba ta ƙarya, abin da ta faɗa maka shi za ka rubuta da alli, ko wa ke tsaye a kanka.

A lokacin akwai wani ɗan kwangila da ke gyaran layin kaya a kudu, yana kwasar tsofaffin dogo masu kyau daga wajen Bilita don a sake shimfiɗa su can. Shugaban ma'aikatansa Kosi ne, mutumin kudu, wanda ya yi shekara shida yana ɗauke mini kile, a bakina ya koyi Hausa. Na kira shi. Ya yi murna, ya ce yana neman masu duba layi, in kawo mutumin. Sai ya ce, "Ya zo da kaziye." Kaziye ita ce takardar kotu da ke nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Na faɗa masa gaskiya.

"Baba Garba," in ji Kosi, "kai ka koya mini cewa ba a ba kura ajiyar nama. Wanda aka ɗaure kan ƙarfen layi za ka kawo mini cikin ƙarfen layi?"

"Ni na tsaya masa. In bulon ɗaya ya ɓata, ka zo Sokode ka kama ni."

Ya ce, "Don kai ne. Ya zo ya yi gwaji tare da kowa. In ya faɗi, kada ka sake kira na a kan wannan magana."

Wani direba a tasha ya ba mu shawara mu ce takardar ba ta fito ba tukuna, in an fara aiki an saba, magana ta wuce. Ni kaina na ɗan yi tunanin hakan a mota. Da muka isa Bilita da hantsi, Lamboni ya miƙa takardunsa da kaziyen a sama, a buɗe. Kosi ya karanta, ya ajiye ta gefe ɗaya, ya ɗora dutse a kai.

Gwajin tsohuwar al'ada ce ta masu layi, haka aka yi mini, haka na yi wa Kosi. Shugaba zai sassauta bulon uku a cikin mahaɗa ashirin, ba wanda ya gani. Mai neman aiki zai bi layin sau ɗaya da guduma, ba komawa baya, ya sa alli a inda ya ji matsala. In ka tsallake ɗaya ka faɗi. In ka sa alli a wuri mai lafiya, nan ma ka faɗi, domin wanda ke tsayar da jirgi a banza ba a daɗewa za a daina kula tutarsa. Mutum tara ne suka zo ranar, ana neman uku. Dogon da ake gwajin a kansu duk an riga an duba su, an shafa wa kowanne farin fenti alamar ya ci, jibi za a loda su zuwa kudu.

Lamboni ne na bakwai. Na ba shi gudumata. Ya tafi a hankali, ƙwas, taku, ƙwas. A mahaɗa ta huɗu ya sa alli. Ta tara, alli. Ta goma sha biyar, alli. Na saci kallon Kosi na ga ya ɗan gyaɗa kai. Zuciyata ta yi fari, na ce aiki ya samu, saura ya taka mahaɗa biyar ya fita.

A ta goma sha takwas ya tsaya. Ya buga. Ya matsa tafin hannu ɗaya ya sake bugawa. Ya durƙusa ya buga na uku, sannan ya zaro alli ya ja babban gicciye a kan farin fentin.

Sauran masu neman aiki suka fara murmushi, don kowa ya san uku ne. Kosi ya ce, "Uku na kwance. Wannan na huɗu daga ina?"

"Ba bulon ba ne, Shef. Dogo ne. Ya yi ciwo a ciki."

Na taka da sauri na karɓi gudumar. Na buga inda ya buga. Na sake. Ban ji komai ba, dogo ya amsa mini kamar kowane dogo. Na tuna matarsa da yaransa a gidan surukai, na tuna ba shi da inda zai koma. Na sunkuya na ce masa a hankali, "Goge allin nan. Ka ce hannunka ne ya kuskure, zan roƙi Kosi." Na ɗago na ce, "Kosi, ka yi haƙuri, tsoro ne ya kama shi. Uku ɗin ai ya same su."

Lamboni bai taɓa allin ba. Ya ce, "Baba, kai ka ce guduma ba ya ƙarya, ko wa ke tsaye a kaina."

"Ni ma na buga, ban ji ba."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ni na ji."

Kunya ta rufe ni a gaban mutane, haushi kuma ya biyo bayanta. Na ce a raina ga taurin kan da ya kai shi gidan yari. Kosi ya karɓi gudumar ya buga shi ma, ya karkata kai, ya ce bai tabbata ba, kuma doka doka ce. Ya fara juyawa zai kira na takwas.

A nan ne Tanko ya faɗo mini. Sau ɗaya tak na ga ya yi wata dabara, ranar da suka yi musu da wani injiniya. Na ce, "Kosi, dakata. A samo mini kananzir." Aka karɓo rabin kwalba wurin mai sayar da koko a bakin tasha. Muka kwance farantan, na goge wuyan dogon da tsumma, na shafa kananzir sosai a kewayen ramukan bulon. Muka jira ya shiga. Na goge shi tas har ya bushe, na murje alli na shafe wurin ya yi fari fat. Sannan na miƙa wa Lamboni guduma na ce, "Yanzu buga irin ta maƙera."

Ya buga sau uku da ƙarfi. Muka durƙusa mu duka. Da farko babu komai. Can sai wani siririn layi mai duhu ya fara fitowa a cikin farin allin, kamar gashi guda, daga ramin bulon ya gangara ya yi kusan tsawon yatsa biyu. Kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar ne bugu ya fito da shi. Murmushi ya ɗauke daga fuskar kowa. Duk wanda ke wurin ya san inda dogon nan zai kwanta jibi, da irin nauyin da zai bi ta kansa.

Kosi ya daɗe a durƙushe. Ya tashi ya sa aka kawo jan fenti ya shafe farin da hannunsa. Ya je ya ɗage dutsen nan, ya ninke kaziyen ya sa a cikin sauran takardu. Ya ce da Lamboni, "Kafin a loda, za ka bi mini dukkansu, ɗaya bayan ɗaya. Yau za ka fara." Sai ya juyo gare ni yana dariya ƙasa-ƙasa. "Baba, kai kuma ka faɗi gwaji."

Na ce na faɗi. Ban taɓa jin daɗin faɗuwa irin na ranar ba, ko da yake ta yi mini ciwo. A ranar na san kunnena ya tafi, ban kuma san tun yaushe ba. Da Lamboni ya miƙo mini gudumar zan hau mota, na ce ya riƙe. Ya ce ta Kaporal Tanko ce. Na ce shi ya sa.

Yau shekararsa biyu a layin kudu. Ba a zo Sokode an kama ni ba. Ya ɗauko matarsa da yaran, babbar tana makaranta. Kosi ya ce yanzu Lamboni ne yake sassauta bulon uku in za a gwada sababbi. Ga guntun dogo nan a ƙarƙashin ƙafarku, wanda ya ce yawo ne ya ɗauki dutse ya buga ya faɗa mini abin da ya ji.

Kusan kowace Juma'a yana kira na. Mu gaisa, ya tambayi Rabi da murhunta, sannan ya ce, "Baba, tsaya ka ji wannan." Sai ya kara wayar a jikin dogo ya buga. Ni dai ƙwas kawai nake ji, duk iri ɗaya. Nakan ce masa, "Me ya ce maka?" Ya faɗa mini, ni kuma in ce ya sa alli.